Gwaggo da Ƙwayoyin Sati Goma Sha Biyu

Shekara uku a jere, duk ranar 28 ga Yuli, ina kawo likita situdiyo mu tattauna ciwon hanta. Ban taɓa kawo wa raina cewa mai ciwon tana gidanmu a Aboabo, tana tashi da asuba tana dafa waken sayarwa ba.

Gwaggo ta haura hamsin, al'adarta ta ɗauke. Ta fara kukan kasala da ciwon gaɓɓai, kowa ya ce girma ne, ni ma haka na ce. Sai da ƙafafunta suka fara kumbura muka kai ta asibitin Komfo Anokye, gwajin jini ya nuna ciwon hanta nau'in C. Wataƙila tun tsagar ƙuruciya ne, da askar wanzami guda aka yi wa yara da yawa.

Abin da likitar ta faɗa ya tsaya min a rai. Sinadarin istirojin, wanda jikin mace ke samarwa lokacin da take al'ada, yana rage saurin taurarewar hanta. Da ya ja baya, ɓarnar da cutar ta yi shekaru tana yi a hankali sai ta ƙara gudu. A zamanin allurar intaferon ma, matan da al'adarsu ta ɗauke sun fi wahalar warkewa a kan masu ƙuruciya.

Wannan allurar ce ta tsorata Gwaggo. Wata ƙawarta ta sha watanni tana zazzaɓi da ita, daga baya cutar ta dawo.

"Ɗiyata, ki bar ni in mutu da ƙarfina," ta ce.

Na kwana biyu ina lallashinta. Yanzu ƙwayoyi ne irin su sofosbuvir, ana sha kullum sati 12, kuma fiye da 95 cikin 100 suna warkewa, da al'ada ko babu. Ta yarda, amma da sharaɗin ni zan riƙa miƙa mata da hannuna bayan sallar isha'i.

Wata uku bayan ƙwayar ƙarshe aka sake gwaji, ba a ga ƙwayar cutar ba. Tabon da ke hantar dai yana nan, saboda haka duk wata shida muna komawa a ɗauki hoto. Ranar ba ta dafa wake, kuma tun daga gida har bakin asibiti lissafin sidin da ta rasa take yi min.