Daga Birnin Kudu zuwa Gwaram: Bishiyar da ta tuɓe ba mutuwa ta yi ba

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa, cikin watan Fabrairu, zai ga kukoki tsaye a gonaki ba ko ganye ɗaya, rassansu sun miƙe sama kamar saiwoyi. Baƙo sai ya ɗauka sun bushe, alhali da ransu.

'Yan makaranta, Turanci yana da kalmar da ake kiran irin wannan bishiya: deciduous, ana furta ta "disijuwas". Asalinta daga Latin ne, ma'anarta abin da ke kakkaɓewa ya faɗi. Ana nufin bishiyar da ke zubar da ganyenta a wani lokaci na shekara, ta kuma sake toho. Kishiyarta ita ce evergreen, wato mai ganye kullum, kamar mangwaro. Ko haƙoran da kuka zubar lokacin famfara, deciduous teeth ake ce musu.

Kada ku haɗa ta da bare. Bare tana bayyana halin da bishiya ke ciki yanzu, wato tsirara. Deciduous kuwa ɗabi'arta ce ta kowace shekara. Kuka tana nan deciduous ko da damina, lokacin da take cike da ganyen miya.

A Ingila, sanyi ke sa bishiyoyi tuɓewa. A nan kuwa rani ne: ta ganye ruwa ke fita, sai kuka ta zubar da shi don ta tsimi ruwan da ke cikin gangar jikinta.

Amma ku lura da gawo a waɗannan gonakin. Shi nasa a juye yake: da rani yana kore shar, da damina sai ya kakkaɓe. Ganyen ya zama taki, rana ta sami gero, shi ya sa manoma ke barin sa tsakiyar gona.

Sanin wannan ya wuce cin jarrabawa. In an aike ku itace, kafin ku ɗaga gatari, ku kankare ɓawon ƙaramin reshe da farce. In kun ga ɗanye kore, ku ƙyale ta. Lokacin tohonta take jira.