Tudun da Ba Shi da Ƙololuwa

Na bar ƙauyen Edale da hantsi, na nufi Kinder Scout, tudu mafi tsawo a yankin Peak District na Ingila, mai mita 636. Da na gama haye matakalar duwatsun da ake kira Jacob's Ladder, sai itatuwa suka ƙare, iska ta karɓe ni. Gabana fili ne shimfiɗe, ba gida ba inuwa, sai gajeren haki da baƙar ƙasa mai lumewa da ƙafa. Ƙasar nan ragowar tsirrai ce da ruwa ya hana su ruɓewa sarai, kuma kaurinta ba ya ƙaruwa fiye da kimanin milimita ɗaya a shekara. Duk sa'ad da takalmina ya nutse zuwa idon sawu, shekaru kusan ɗari na taka.

Hazo ya sauko, na dinga ratsa kwazazzabai masu kama da juna, ina dogaro da taswira da kamfas. Da na isa inda ya kamata ƙololuwar ta kasance, ban ga abin da ya bambanta shi da kewayensa ba. Na tsaya jiƙe, ina tambayar kaina abin da ya kawo ni.

Amsar tana cikin tarihin wurin. Attajirai sun daɗe da killace tudun domin harbin wani tsuntsu mai kama da makwarwa. Ranar 24 ga Afrilu, 1932, ɗaruruwan mutane, galibi ma'aikata daga Manchester, suka hau shi da gangan a ƙarƙashin jagorancin Benny Rothman, matashi ɗan shekara 20. Aka yi arangama da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar. A 1951 Peak District ya zama gandun ƙasa na farko a Birtaniya, amma sai a 2000 doka ta bai wa jama'a 'yancin yawo a irin waɗannan filaye.

Ina saukowa, burtalolinmu suka faɗo mini a rai, waɗanda gonaki da gine-gine ke cinyewa kaɗan-kaɗan. Hanyar jama'a ba ta tsare kanta. Tana rayuwa ne muddin akwai masu bin ta da masu tsaya mata. Waɗancan mutum biyar sun kwana a kurkuku domin baƙo irina ya tsaya cikin hazo ba tare da ya nemi iznin kowa ba. Na iso Edale da magariba, laka har gwiwa, kuma ban ƙara raina filin ba.