Mai Riƙe Agogo

Yayana yana shirin jarrabawar shiga aikin ɗan sanda, ni ne mai riƙe masa agogo. Masu nema dubbai ne, guraben kuwa kaɗan, ga shi gidanmu a Wurno shi aka zuba wa ido.

Lissafin ba ya ba shi tsoro, lokaci ne abokin gabarsa. Saboda haka kullum bayan la'asar nakan jefa masa tambaya irin ta kasuwar Achida: an sayi buhun albasa naira dubu 40, an sayar dubu 46, ribar kashi nawa ce cikin ɗari? In minti ɗaya ya wuce bai ce 15 ba, sai mu sake.

Baba bai yi boko ba, amma sau da yawa yakan riga shi faɗin ribar.