Daga Hanwa Zuwa Bakin Galma: Wace Fitila Ce Ta Dace Da Kwale-kwale?

Mu 'yan Hanwa mun saba da rafin Kubanni, amma kaɗan daga cikinmu ne suka taɓa bin sa har inda yake zuba a kogin Galma. Shi ya sa ranar wata Asabar bayan La'asar, mu shida da yayanmu muka shiga Keke Napep, muka bi ta Tudun Wada, muka kama hanyar Jos har Dakace, inda masunta ke ɗaure kwale-kwalensu.

Mun tarar da wani dattijo yana gyaran koma. Bayan gaisuwa, ƙaraminmu ya tambaye shi: "Baba, in dare ya yi muku a ruwa, da me kuke gani?" Kafin ya amsa, ɗaya daga cikinmu ya kunna tocilan wayarsa yana taƙama da haskenta. Baba ya yi murmushi ya ce, "Yaro, da wane hannun za ka riƙe ta? Filafili hannu biyu yake ci. In kuma ta suɓuce, ka rasa fitila, ka rasa abin kiran gida."

Ya ce shi ma ya taɓa ɗanɗanawa. Wata damina iska ta kashe masa fitilar ƙwai a tsakiyar kogi, ashanarsa kuma ta jiƙe. Da lalube ya kai gaɓa, bayan kwale-kwalen ya daki wani kututture har ya fara shan ruwa. Tun ranar bai sake fita da fitila ɗaya ba.

Ya buɗe jakarsa ya nuna mana guda biyu. Ta farko ta ɗaurawa a goshi ce, duk inda ya juya kai haske na bin sa. Ta biyu ƙaramar farar fitila ce da yake ratayawa a kan sanda a bayan kwale-kwalen. "Wannan ba don in gani ba ce," in ji shi, "don mai jirgin inji ya gan ni ne." Sauran batura kuwa suna ƙulle a cikin leda.

Da Magariba ta kawo jiki, sai muka haska ruwan da tocila mafi ƙarfi da muke da ita. Hasken ya dawo mana a ido, ƙwari suka yanyame mu, kuma da muka kashe ta sai muka daina ganin ko gaɓar da muke gani ɗazu. Yayanmu ya ce ido kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, haske mai ƙarfi kuma nan take yake ɓata wannan sabon. Shi ya sa wasu fitilun goshi ke da jan haske, wanda bai cika kashe ido ba. Ya ƙara da cewa a duba jikin kwali: alamar IPX7 na nufin fitilar za ta jure nutsewa a zurfin mita 1 na minti 30.

Ashe dabarar Baba ta yi daidai da dokar hana karon jirage a teku ta 1972, wadda ta ce mai tuƙi da filafili ya tanadi fitila mai farin haske da zai nuna a kan lokaci.

Sai dai fitila ba lasisin shiga ruwa da dare ba ce. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana jigilar fasinja da dare. Ba mu manta da jirgin da ya kife a Patigi ta jihar Kwara a watan Yunin 2023 ba, inda mutane sama da 100 da ke dawowa daga biki cikin dare suka rasu. Baba ya ce, "Ni neman abinci ke kai ni. Ku kuwa, in rana ta faɗi, ku tsaya a tudu. Ko da rana ma, kada ku hau sai da rigar kariya da kuma babba."

Mun yi sallar Magariba tare da su, muka kamo hanyar gida. Muna isa Hanwa muka tarar an ɗauke wuta. Mai wayar nan ya danna tocilarsa, ashe caji ya ƙare tun a hanya.