Sa Hannun Wa Ake Jira?

'Yar'uwa mai karatu, akwai wani dare da har yau idan na tuna shi sai in ji abinci ya fita raina. An shekara huɗu ana cikin ta biyar, amma ko yanzu na rufe ido ina ganin bencin nan na barandar asibiti, da farar takardar da ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu ba wanda ya yarda ya taɓa biro. Na daɗe ina ɓoye wannan labari saboda akwai laifina a ciki. Yanzu na ga ɓoyewar ba ta amfani kowa ba, shi ya sa na nemi izinin mai labarin, ta ce in faɗa, sunanta kawai zan sakaya.

Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, cikin fari, tana da shekara 22. Mijinta direban babbar mota ne, ranar ya ɗauki kaya ya yi Kudu. Naƙuda ta kama ta tun da asuba, uwar mijinta ta ce a dakata, haihuwar fari dama takan ja. Aka yi ta jiƙe-jiƙe, aka yi ta sannu, har la'asar shiru, har magariba shiru. Sai bayan isha'i, da aka ga yarinya ta fara galabaita, aka aiko mini. Na tari adaidaita sahu muka kwashe ta sai asibiti, ni da Hajiya uwar mijin da kuma wan mijin.

Likitan da ya duba ta bai ɓata lokaci ba. Ya ce kan jaririn ya ƙi saukowa, ƙugunta ba zai ba shi hanya ba, kuma bugun zuciyarsa ya fara raguwa, sai dai a yi aiki a ciro shi. Nan wata nas ta fito da takarda ta tsaya a kanmu ta ce, "Ina mijinta?"

Muka ce ya yi tafiya.

Ta ce, "To wa zai sa hannu?"

Hajiya ta ja mayafi ta ce, "Ni dai ba da hannuna za a yanka matar ɗana ba ya nan ba. In wani abu ya faru me zan ce masa?"

Wan mijin ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya ta yi gaskiya, a dai ƙara neman sa a waya."

Ni kuwa, da na yi sakandare, har nake rubuta littafi mutane na saye, me kike zaton na yi? Na zauna ina danna waya. Na kira ya fi sau talatin, ana ce mini ba a samun sa. Daga ciki ina jiyo muryarta tana cewa, "Yaya, ku taimake ni, Yaya zan mutu." Ina kuka ina danna waya. Wallahi ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa ita mai ciwon tana da bakin magana.

Mun fi awa uku a haka. Can wajen ƙarfe ɗaya na dare wata babbar likita ta zagayo, ta duba kati, ta dube mu, ta ce me ake jira? Aka gaya mata. Ba ta ce mana komai ba, ta shige ciki, na bi bayanta. Ta dafa goshin ƙanwata ta ce, "Baiwar Allah, kina ji na? Kin san inda kike?" Ta ce ta sani. Likita ta yi mata bayani da Hausa dalla-dalla: ga abin da ya tare, ga abin da za a yi, ga hatsarin aikin, ga kuma hatsarin barin sa. Sannan ta ce, "Kin yarda?" Ƙanwata ta ce, "Na yarda, likita, don Allah ku yi." Aka miƙa mata biro, hannunta na rawa ta rubuta sunanta. Abin da aka kwashe awa uku ana nema bai ɗauki minti biyar ba.

Ita ta rayu. Jaririn, namiji, bai zo da rai ba.

Washegari da yamma mijin ya iso, ko wanka bai yi ba. Da ya ji yadda aka yi sai ya zauna a ƙasa ya dafe kai, ya dube ni ya ce, "Yaya, me ya sa kuka jira ni? Ni likita ne?" Na rasa amsar da zan ba shi. Na san kwana idan ya ƙare ba makawa, amma na san kuma an ba mu hankali, mu ne muka ajiye shi a gefe a daren nan.

Bayan an share makoki na shiga tambaya da karatu, don in san ko likitar nan karambani ta yi ko kuwa a kan ƙa'ida take. Abin da na gano ya ƙara mini baƙin ciki, domin ashe tun kafin wannan dare an riga an rubuta komai.

Ƙa'idojin aikin likita na Nijeriya, waɗanda hukumar da ke ba likitoci lasisi ta shimfiɗa, sun ce wanda ya kai shekara 18 kuma yana cikin hankalinsa shi ne zai amince da aikin da za a yi a jikinsa. Ana komawa ga dangi na kusa ne idan marar lafiya yaro ne, ko ya suma, ko hankalinsa ya gushe. In kuma ba dangi a kusa, babban likitan wurin yana da ikon ba da umarnin a ceci rai. Haka nan Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014, ta ce a sashe na 23 dole a gaya wa marar lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da amfaninsu da hatsarinsu da kuɗinsu, da cewa yana da damar ya ƙi, kuma a faɗa masa da harshen da yake ji. Kin ga ke nan abin da likitar nan ta yi a bakin gado, shi ne doka ta ce a yi tun ƙarfe goma.

Har gaban Kotun Ƙoli maganar ta taɓa zuwa. Wata mata ce ta haihu, jikinta ya rikice, aka ce sai an yi mata ƙarin jini, ta ce addininta ya hana, ta ƙi. Likitanta ya bi maganarta, ya ci gaba da kula da ita ba jini, har ta rasu. Kotun ladabtar da likitoci ta hukunta shi, amma a 2001 Kotun Ƙoli ta wanke shi, ta ce baligi mai hankali shi ke da ikon karɓa ko ƙin magani a jikinsa. Labarin ba daɗi, ni ma da na karanta sai da na yi tsaki. Amma ki duba da kyau: in har doka ta yarda mace ta ce a'a a kan ranta, ai ta yarda ta ce i ke nan ba sai an jira kowa ba. A 2019 kuma kotun ta yanke wani hukunci a kan jariri ɗan wata ɗaya da mahaifiyarsa ta hana a ƙara masa jini, likita ya kai maganar ga hukuma, kotu ta ba da izini aka ƙara. Kotun Ƙoli ta ce daidai aka yi, domin yaro bai kai ya zaɓa wa kansa ba, kuma ba a barin ransa ya tafi saboda ra'ayin iyaye. Babba da bakinsa, ƙarami kuwa hukuma ce gatansa.

Mu mutanen Kano ma bai kamata a koya mana darajar wannan tambaya ta "kin yarda?" ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar kuma ya nemi izini. Aka yi ta shari'a har 2009, aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A tsakanin nan, a 2007, Nijeriya ta fitar da ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, waɗanda suka wajabta a yi wa mutum bayani ya amince kafin a gwada komai a jikinsa. Takardar nan da muke gani kamar wahalar da mutane ce kawai, da hawayen iyaye aka rubuta ta. An yi ta ne don ta kare mai ciwo, mu kuma a daren nan muka mai da ita katanga tsakanin mai ciwo da magani.

Na daɗe ina jin haushin nas ɗin da ta ce ina mijinta. Daga baya na sauko, domin na gane tsoro ne ya yi mata yawa. Ta san in aka yi aiki abu ya ɓaci, miji zai iya zuwa da 'yan'uwansa ya tayar da ƙura, ita ce kuma a gaba. Ma'aikacin asibiti mutum ne, tausayinsa yakan tsaya inda tsoronsa ya fara. Ki tuna yadda asibitoci suka daɗe suna mayar da wanda aka harba da bindiga sai ya kawo takardar 'yan sanda, mutum na zubar da jini ana ce masa ya je caji ofis. Likitocin ba mugunta ce ta sa su ba, gudun a kama su ne a ce suna ɗaure wa ɓarayi gindi. Sai a 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta ce kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani, da takardar 'yan sanda ko babu, da kuɗin kafin alƙalami ko babu, sannan ya sanar da 'yan sanda cikin awa biyu. Doka mai kyau takan ɗaure hannun mugu, ta kuma kwance hannun mai son ya yi alheri yana jin tsoro.

Ita ma dokar 2014 tana da irin wannan a sashe na 20: ba a yarda wani asibiti ko ma'aikacin lafiya ya ƙi ba da taimakon gaggawa ba bisa kowane dalili. Wanda ya ƙi, tarar naira 100,000 ce, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Naƙudar da ta tsaya kuwa, in ba ita ce gaggawa ba, mece ce?

Sai dai kar in yaudare ki, 'yar'uwa. Doka a takarda ba ta sayen allura. Asibitin da aka ce ya yi aiki ba kuɗi, wa zai biya shi? Dokar ta yi tanadin wani asusu da za a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kashi 5 cikin 100 na asusun kuma na taimakon gaggawa ne. Amma sai a kasafin 2018 aka fara ware kuɗin, shekara huɗu bayan sa hannu. A ƙarshen 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da cewa za a riƙa yi wa mata marasa ƙarfi aikin ciro jariri kyauta a asibitocin da aka zaɓa. Duk da haka ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna a 2023 mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Wasu rashin kuɗi ne, wasu nisan hanya, wasu rashin jini ko rashin likita. Waɗannan sun fi ƙarfina da ke. Amma jira a kan benci, wannan kam muna iya maganinsa.

Kar wata ta ɗauki littafin nan ta je ta ce na ce a raina miji. Shawara da maigida ita ce zaman aure, kuma yawancin mazan, irin mijin ƙanwata, ba su taɓa cewa a jira su ba, mu ne muke ɗora musu. Abin da nake roƙo shi ne a yi shawarar tun da sauran lokaci. Ciki ya shiga wata bakwai, ki samu maigida bayan ya ci abinci hankalinsa a kwance, ki ce, "Idan haihuwa ta zo da gardama ba ka nan, likita ya ce aiki, me za a yi?" In ya ce a yi, ki roƙe shi ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da yayyensa, don kar a bar tsohuwa da nauyin da ba za ta iya ɗauka ba. Ki je awo, ki tambayi ma'aikatan ko asibitin na cikin masu yin aikin kyauta. A tanadi wanda zai ba da jini, a ajiye ɗan abin da ya samu. In kuma ke ce 'yar rakiya, kika ji an ce ina mijinta, ki buɗe baki cikin ladabi ki ce, "Sista, tana cikin hankalinta, a tambaye ta." Kalma bakwai ce, ni na kasa faɗin su.

Bara ƙanwata ta sake haihuwa. Tun cikin na wata shida mijin ya kai ta gaban Hajiya ya ce, "Hajiya, ko ina nan ko ba na nan, abin da likita ya ce a yi, in ta yarda a yi." Hajiya ta share hawaye ta ce Allah ya raba lafiya. Da ranar ta zo yana Legas. Aka kawo takarda, ta karɓi biro ta sa hannu, kafin ya kira waya har an fito da ita. Mace aka samu, ranar suna aka sa mata sunan Hajiya.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana abin da muka haifa.