Tattabarun Alabar da Akun Kurmi: Wasiyya Kan Kiwo da Ɗauri

  Yau maganar tsuntsaye za mu yi. Wani zai ce ana fama da tsadar abinci da kuɗin makaranta, wa ke da lokacin tsuntsu? Amsarmu ita ce, yadda al'umma ke riƙon halittar da ta fi ta rauni, haka take koya wa 'ya'yanta riƙon mutane.

Hausa ta raba tsakanin kiwo da ɗauri. Mai kiwo yana ciyarwa, yana shayarwa, yana gyara makwanci, har abin da ke hannunsa ya saki jiki ya hayayyafa. Mai ɗauri kuwa kamowa yake yi ya kulle, ya yi ta kallo har abin ya mutu, sannan ya nemo wani. Dukansu biyu kana iya ganin keji a ƙofar ɗakinsu. Ma'aunin da dattawanmu ke raba su da shi guda ne: tsuntsun nan da ke hannunka, ya taɓa yin ƙwai ya ƙyanƙyashe? Tsuntsu ba ya sheƙa inda bai amince ba.

Kakanninmu goro ya kawo su wannan ƙasa. Sun bi hanyar Gwanja shekaru aru-aru, sannan bayan yaƙin 1900, da Turawa suka kafa mulkinsu a Kumasi, suka yi ta kwararowa suna kafa gidaje a gefen kasuwa. Sun zo da allo da tawada, sun zo da ɗinki da fawa da dukanci, sun kuma zo da son tattabara. A Arewa tukwane ake kifa mata, ko a gina mata ɗaki na ƙasa a lungun gida. Nan kurmi ne, damina biyu muke gani a shekara, laima ba ta barin gini irin wannan ya yi ƙarko. Sai suka koma akwatunan katako, suka ɗaga su sama da ƙasa, suka rufa musu kwano, suka juya ƙofofin daga inda iskar ruwa ke bugowa. Da yawa daga cikinmu kukan tattabara ne ke biyo kiran sallar asuba a kunnenmu tun muna yara.

Wanda bai taɓa kiwo ba yakan ɗauka watsa hatsi ne kawai. Ga yadda abin yake. Tattabara aure-aure take zama, shi ya sa ba ma cewa mun sayi biyu, sai mu ce mun sayi aure ɗaya, kuma galibi ba sa rabuwa sai mutuwa ta raba. Ƙwai biyu take yi. Kwanci yakan ɗauki kwana 17 zuwa 19, kuma raba shi suke yi: namiji ya karɓa da hantsi zuwa la'asar, mace ta kwana a kai. In 'ya'yan sun fito, tsirara da idanu rufe, uwa da uba duka suna ɗura musu wani farin abu mai kauri kamar kindirmo da ke fitowa daga maƙogwaronsu. Bayan 'yan kwanaki sai su fara gauraya shi da hatsin da ya jiƙa. Cikin mako 4 ɗan shila ya cika akwati, ya isa yanka ko ya isa koyon tashi. Tun kafin ya bar sheƙa uwar takan sake yin ƙwai, saboda haka gogaggen mai kiwo akwati biyu yake ware wa kowane aure, don kada manyan 'ya'ya su tattake sababbin ƙwai.

Tara su da yawa wuri ɗaya kuwa yana da nasa ƙa'idodi, waɗanda iyayenmu suka sani ba tare da sun karanta a takarda ba. Na farko, kada maza su fi mata yawa, domin gwauron tattabara ba ya barin gidan kowa ya zauna lafiya, faɗa zai yi ta tayarwa har ƙwai su fashe. Na biyu, kada akwatuna su gaza, domin rashin makwanci shi ke sa ƙarfafa su kori raunana. Na uku, ruwan sha a sauya shi kullum, domin ciwon nan da ke toshe wa 'yan shila maƙogwaro ta ruwa ɗaya da ɗura yake yaɗuwa. Na huɗu, a haɗa musu dawa da gero da masara da ɗan wake, a ajiye musu tsakuwa ƙanana, domin da ita suke niƙa abinci a cikinsu. Na biyar, baƙuwar tattabara a keɓe ta kwanaki kafin a haɗa ta da na gida. Wannan ta ƙarshe ta ƙara nauyi tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Ghana a 2007, ta dawo a 2015, ta sake dawowa a 2021. Akwai ta shida, wadda ta fi sauran zurfi: garken da aka rufe shi shekara da shekaru, wa yana auren ƙanwa, 'ya'yansa raunana suke fitowa, ƙwai su yi ta baragurbi. Maganinsa musaya. Shi ya sa a da za ka ga dattijo ya aiki yaro da namijin tattabara cikin kwando daga Alabar zuwa Aboabo, a karɓo masa wani. Da wannan ɗan aike zumunci yake ƙaruwa tsakanin gidajen biyu.

Mu da muke zama a zauren dattijo muna rubuta abin da aka kawo da abin da aka yanke, mun shaida cewa tattabara tana kawo ƙara. Mafi yawa iri ɗaya ce: ta wane ta bi garken wane ta shige akwatinsa, mai akwati ya yi shiru. Wani lokaci ma da gangan yara ke watsa gero don janyo ta maƙwabci. Abin da dattawa ke yankewa bai saɓa wa abin da malamanmu na Malikiyya suka tattauna ba tun da daɗewa: tattabarar da aka gane mai ita, mayar masa ake yi, shigarta gidanka ba ta sa ta zama taka. Haka kuma waɗanda suka karanta Muhtasar na Shaihu Halil sun san cewa a babin shaida an lissafa wasa da tattabara cikin abubuwan da ke rage mutunci. Malamai sun bayyana mana cewa abin nufi shi ne mai ɓata yininsa yana tsere da caca, yana hawan rufin ɗaki yana leƙen gidajen mutane. Mai kiwo don abinci da sayarwa da ɗebe kewa, babu laifi a kansa.

Iyayenmu sun ba mu labarin ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su bar ƙasa. Gidaje da yawa a Zango sun wayi gari babu masu su. An sayar da gadaje da tukwane da kekunan ɗinki a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, an sayar da tattabaru ma. Amma dattawa suka ce tattabarun ba su yarda da cinikin ba. Duk inda aka kai su, da sun sami saki sai su koma tsohon rufinsu su zauna suna jiran hannun da ya saba watsa musu hatsi. Wanda ya san halin tattabara ba zai yi mamaki ba, Allah Ya halicce ta da sanin hanyar gida.

Wannan buƙata ta zama cikin dangi ba ta tsaya ga tattabara ba. Akwai wani ɗan tsuntsu mai tukku da doguwar jela, mai launin toka, wanda masana ke yi wa laƙabi da tsuntsun ɓera saboda yadda yake rarrafe cikin rassa. Iri 6 ne, kuma a Afirka kaɗai Allah Ya ajiye su. Ɗaya daga ciki, mai shuɗin tabo a ƙeya, yana zaune a busassun ƙasashe daga Senegal har Sudan, ya haɗa da Nijar da arewacin Nijeriya. 'Ya'yan itace da ganye da toho yake ci. Da dare garken kan dunƙule wuri ɗaya, ƙirji da ƙirji, don su riƙe ɗumin jikinsu, da safe su baje ciki ga rana. Sau da yawa manyan 'ya'ya kan taya iyaye renon ƙannensu. Masu gidajen namun daji a Turai da Amurka da suka so su hayayyafa shi sun gane cewa a garke ya fi samun natsuwa, sai suka gina masa fili mai faɗi da rassa da ɗumi. Abin da iyayenmu suka sani game da tattabara, shi waɗannan suka tarar game da nasu tsuntsun.

Yanzu mu zo kan aku, domin nan ne maganar ta yi nauyi. Babu Bahaushen da bai san darajarsa ba. A Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, aku ne ke riƙe da zaren labari har ya kai ga sarautar waziri. Masu masaukinmu Asante ma suna girmama shi, shi ne alamar dangin Agona. Aku mai toka-toka da jar jela ɗan wannan kurmi ne da muke zaune a tsakiyarsa. Amma binciken da Nathaniel Annorbah ya yi tare da Nigel Collar da Stuart Marsden, wanda ya fito a mujallar Ibis a 2016, ya nuna cewa Ghana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta tun daga 1992. Dalilai biyu suka fi yawa: kamu don sayarwa, da sare manyan itatuwa masu kogo inda yake sheƙa. A watan Oktoba na 2016, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg, ƙasashen duniya suka haramta cinikin akun daji tsakanin ƙasa da ƙasa.

Me ya sa tattabara ke ƙaruwa ana yanka ta, aku kuwa yake ƙarewa ana tarairayarsa? Lissafin a fili yake. Tattabara takan fara ƙwai tana da kamar wata 6, ta yi ta yi sau da yawa a shekara. Aku sai ya shekara 3 zuwa 5 kafin ya balaga, kwancinsa kusan kwana 30 ne, ɗansa kuma yakan yi kusan wata 3 a kogo kafin ya tashi. Maharba kan shafa danƙo a rassa su kama manya, ko su hau itace su kwashe 'ya'ya, da yawa su mutu a hanya kafin su kai hannun mai saye. Wanda ya tsira sai a sa shi shi kaɗai cikin kejin da bai isa ya buɗe fuka-fukinsa ba, alhali tsuntsu ne na garke, mai iya rayuwa shekara 40 ko fiye. Duk akun da aka rataye a ƙofar shago shi kaɗai, zuriya guda aka yanke. In ka ga yana fige gashin ƙirjinsa da kansa, ƙunci ne ya yi masa yawa. Kiwon aku na gaskiya yana yiwuwa, a Afirka ta Kudu akwai gonakin da ke yin sa, amma yana son aure-aure da fili da haƙurin shekaru da izinin hukuma.

Addininmu bai bar mu cikin duhu ba. Ya tabbata a hadisi cewa ƙanin Anas ɗan Malik yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, da ya mutu Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lallashi yaron. Daga nan malamai suka fahimci halaccin riƙon tsuntsu ga wanda zai kula da shi. Ya kuma tabbata cewa an azabtar da wata mace saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba saki har ta mutu, kuma Manzo ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke. Wanda ya haɗa waɗannan uku ya san iyakar da aka shata masa.

Mun san Alabar ta sauya. Kusancinta da Babbar Kasuwa da Kejetia ya sa zauruka sun zama shaguna, tsakar gidaje sun zama ma'ajiyar kaya, benaye sun tashi inda akwatunan tattabara suke. Ba ma kuka da arziƙi, Allah Ya ƙara. Roƙonmu uku ne. Masu gida, in kuna gini ku bar wa tattabara ɗan lungu a sama, ku damƙa wa yaro aure ɗaya ya zama amanarsa, domin yaron da ya saba tashi da asuba ya sauya wa tsuntsu ruwa ya fara koyon riƙon iyali. Matasa masu kiwo, ku koma wajen dattawan da suka rage ku tambaye su, ku riƙa musaya tsakaninku, ku bar caca da janye ta maƙwabci. 'Yan kasuwa kuma, in an kawo muku akun daji, komai arahar sidin da aka yanka masa, ku ce ba ku saye, domin mai kamu ba ya hawa itace sai ya san akwai mai saye. Wanda yake da aku tun da, ya faɗaɗa masa keji, ya kyautata masa abinci, ya nemi shawarar ma'aikatan kula da namun daji.

Mu zuriyar baƙi ne da aka ba masauki a ƙasar nan har muka zama 'yan ƙasa. Kada a wayi gari jikokin masu masaukinmu da namu su san aku a hoto kaɗai, a kuma ce da hannunmu a ciki. Allah Ya ba mu tausayin halittunsa, Ya jiƙan iyayenmu da suka koya mana kiwo, Ya zaunar da Zango da Asante da Ghana baki ɗaya lafiya.