Abin Da Na Gano A Dutsen Ƙanƙara

'Yan uwana mata, Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Ni dai haifaffiyar Zurmi ce, aure ya kawo ni Ƙauran Namoda, kuma kafin 2018 sanyin da na sani bai wuce na hunturu ba, lokacin da kaushi ke tsattsaga mana ƙafa, mu kwana da kaskon wuta a ɗaki.

A watan Janairu na shekarar ne maigida ya tafi da ni ziyara birnin Fas na ƙasar Maroko. Da muka gama muka gangara Marakish, sai wani ɗalibi ɗan Shinkafi ya ce, "Alhaji, ai bai kamata Hajiya ta koma gida ba ta taɓa ƙanƙara da hannunta ba."

Wurin ana kiransa Ukaimedan, yana cikin duwatsun Atlas, kimanin kilomita 75 kudu da Marakish. Hanyar sai murɗewa take kamar maciji, ni kuwa na runtse ido ina ta salati. Ƙauyen kansa yana bisa tsawon mita 2,600, ƙololuwar dutsen kuma ta haura mita 3,200. Da na fito daga mota sai na ga duniya fari fat, tamkar an zazzage garin rogo. Na damƙi ƙanƙarar, wallahi sai da yatsuna suka sandare.

Faransawa ne suka fara wasan sulu a wurin tun zamanin mulkinsu, wanda ya ƙare a 1956. Mutum zai ɗaura wasu dogayen fale-fale biyu a ƙafa, ya riƙe sanduna biyu, ya sulalo daga sama. A lokacin akwai kujeru da ke rataye a jikin waya suna kai mutane ƙololuwa, mai tsoro irina kuwa sai ya hau alfadari. Ga masu ba da hayar takalma, ga masu shayin na'ana'a, yara na ta faɗuwa suna dariya.

To amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Na hangi wasu 'yan ɗakunan duwatsu a kulle, na tambaya. Aka ce na makiyaya ne. Ashe filin da ake wasan nan makiyaya ce tun kaka da kakanni, har akwai zanen shanu a jikin duwatsu wanda ya yi shekaru dubbai. Suna da wata al'ada da suke kira agdal. Daga 15 ga Maris ake rufe makiyayar, babu mai shiga da ko ɗan akuya. Ƙanƙara ta narke ta shayar da ƙasa, ciyawa ta girma har ta zubar da iri. Sai ranar 10 ga Agusta a buɗe, kowa ya hauro da iyalinsa da garkensa. Da sanyi na masu wasa ne, da zafi na masu kiwo, kowa ya san lokacinsa.

Nan take hawaye suka zubo mini. Maigida ya zaci sanyi ne, ni kuwa gida na tuna. Muna yara, Fulani kan sauka a gonar Baba bayan an cire amfani, shanu su ci kara su bar mana taki, Inna ta ba da gero a ba ta nono. Burtali a buɗe yake, kowa ya san iyakarsa. Sannu a hankali aka nome burtali, aka cinye makiyaya, masu raba gardama suka koma karɓar na goro. Ban ce wannan kaɗai ya jawo mana bala'in 'yan bindiga ba, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙauyen da aka binne cibiyata ya watse, Inna tana nan ɗakina tana gudun hijira da tsufanta.

Da na dawo na ba ta labari, ta yi shiru, can ta ce, "Ɗiyata, mu ma da haka muke. Alkawali munka yar."

Ke 'yar uwa, kada ki ce wannan zancen maza ne. Mu ke goyon yaran nan, a bakinmu suke fara jin wane ne maƙiyi. In kin yi wa ɗanki tatsuniya, ki haɗa masa da labarin zaman amana da aka yi a ƙasar nan, kada ya tashi yana zaton haka aka halicce mu da gaba. Wanda bai san an taɓa zama lafiya ba, ina zai san abin da zai nema?

Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya, amin.